Wa Ke Ɗaukar Manomi Daga Shuka Zuwa Kaka? Sharhi Kan Arzikin Ƙasar Mairuwa

Idan ka bar Funtuwa ka miƙi hanyar Gusau, ba ka yi nisa ba za ka iso Mairuwa, daga nan sai Sheme, sai 'Yankara, sannan ka faɗa ƙasar Zamfara. A Sheme ne hanyar Ƙanƙara ke ɓullowa daga arewa. Sabuwa kuma tana can kudu, ta jingina da dazuzzukan Birnin Gwari. Ƙananan hukumomi uku na wannan yanki, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, amma abin da ya haɗa su ya girmi siyasa. Nan ne gefen Katsina da ya fi samun ruwan sama. Ƙasarsa na da nauyi, tana karɓar auduga da dawa da masara yadda jigawar Daura da Kaita ba za ta karɓa ba. Duk wanda ya ga manyan motocin hatsi na barin Ɗandume da Sheme da kaka ya san Allah bai hana wa wurin nan arziki ba. Abin da ke damuna shi ne yadda arzikin yakan zo ya yi shekaru yana haɓaka, sai ya kwance, a koma zaman jiran sabon shiri daga Abuja ko daga ƙetare.

Amsoshin da aka saba bayarwa su ne rashin jari, tsadar taki da rashin tsaro. Duk gaskiya ne, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsu. Manomi na shuka a watan Yuni, ba ya ganin kuɗi sai Oktoba ko Nuwamba, mai auduga ma sai wajen Disamba. A tsakanin nan akwai noman farko da maimai, akwai taki, akwai ciyar da gida daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin damina. Dole wani ya ɗauke shi ya ƙetarar da shi waɗannan watanni: mai ba shi irin da zai amince da shi, mai ranta masa, mai saye da ma'aunin gaskiya, da wanda zai shiga tsakaninsa da makiyayi idan shanu sun yi ɓarna. Masu wannan aikin su nake kira cibiyoyin gida. Wasunsu na da ofis da hatimi, wasu kuwa rumfa ce a kasuwa ko zauren mai gari. A ganina duk sabon abin da ya kama ƙasa a yankin nan ya kama ne domin ya samu irin waɗannan masu riƙo, kuma duk wanda ya lalace, riƙon ne ya fara saki kafin amfanin gona ya ragu.

Auduga ce ta gina Funtuwa, don haka da ita ya kamata a fara. Tun kafin zuwan Turawa mutanen kudancin Katsina ke nomanta, mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, fatake na kai tufa nesa. Abin da Turawa suka kawo shi ne wata kasuwa dabam da wani iri dabam. Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar BCGA a Manchester a 1902 domin su rage dogaro da audugar Amurka. Aka shigo da irin Allen mai dogon zare, wanda inji ke so. Aka ja layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Aka kafa gidan gurzar auduga a Funtuwa. Waɗannan kowa na ambatonsu. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne gonar iri ta Daudawa, nan cikin ƙasar Faskari, wadda aka buɗe a shekarun 1920. Masu bincike a Samaru, tashar da aka kafa a 1922, su ne ke zaɓen iri. A kawo shi Daudawa a ninka, a raba wa manoman kewaye, a gurje audugarsu ita kaɗai domin kada gurya ta gauraya, sannan a faɗaɗa zuwa sauran ƙasa shekara bayan shekara. Aiki ne marar armashi, ba a yi masa bikin buɗewa, amma a kansa komai ya tsaya.

En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ita ce ke kai gurya ƙauye. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwa, a raba iri kyauta. Da kaka kuma akwai kasuwannin auduga da hukuma ta ware, ba a ciniki sai a cikinsu. Za a zazzage kayan mutum a shimfiɗa, malamin duba ya cusa hannu can ƙasa ya zaro, ya ga ko akwai ganye ko ƙasa ko jar audugar da tsutsa ta ɓata, ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, sannan a ɗora a sikeli. Bayan an gama tsinka kuma doka ce a tumɓuke itacen a ƙone, domin kada tsutsa ta yi rani a gona ta jira shuka mai zuwa. Wanda ya ƙi yana iya tsintar kansa gaban alƙali.

Ban kawo wannan domin yabon mulkin mallaka ba. Tsarin cike yake da danniya. Da kuɗi ake biyan haraji, saboda haka talaka sai ya noma abin sayarwa ko yana so ko ba ya so. Farashi hukuma ke yankewa: hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, suna saye ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi gina abubuwa a Kaduna da sauran birane. Ejan-ejan da 'yan baranda na cin nasu a bakin sikeli. Manomi ma ya rama ta hanyarsa, domin sai ya gama da gero da dawa yake waiwayar auduga, ya shuka ta a makare, malaman gona na ta faɗa. Sai dai a cikin wannan tsari mai cutarwa akwai ayyukan da wani ke yi kullum ba fashi: tsare iri, tsare daraja, da yaƙi da tsutsa.

A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, hedikwatarta a Funtuwa, kuma a wannan tsakanin ne aka kafa masaƙar Funtuwa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Manoma da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin an daɗe ana ƙwarar su. Kuskuren shi ne ba a tambayi wanda zai gaji ayyukan ba. Gurya ta riƙa fitowa daga ko'ina, mai kyau da marar kyau suka cakuɗe. Masu saye suka yawaita suna rige-rige har bakin gona, ba mai duba lamba, sai aka fara yayyafa ruwa da zuba yashi domin nauyi. Buhun leda ya maye gurbin na algarara, zarensa na shiga cikin auduga, ga shi ba ya karɓar rini, masaƙu suka riƙa karya farashin audugar Nijeriya saboda shi. Wanda ya ba manomi bashin iri da magani ba shi da tabbacin shi za a sayar wa da kaka, sai ya daina bayarwa. Da rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, ciki har da babbar masaƙar UNTL da ta rufe a 2007, sun tarar da noman ya riga ya raunana tun daga tushe.

Mali ta bi wata hanya. Kamfanin audugarta, CMDT, da aka kafa a 1974, ya jingina aikinsa ga ƙungiyoyin ƙauye. Ƙungiya ce ke karɓar iri da taki bashi, ita ke auna audugar mutanenta, a cire bashi daga kuɗin ciniki, ƙauye kuma shi ne lamuni. Ba a rasa rigima ba, har manoma sun taɓa ƙaurace wa shuka a 2000 saboda farashi. Amma wanda ke da ƙungiyar da za ta iya yajin shuka yana da bakin magana. Yau Mali da Benin da Burkina Faso na cikin waɗanda ke kan gaba a noman auduga a Afirka ta Yamma, alhali ba su fi Faskari ƙasar noma ba.

Masara labarinta dabam ne, kuma ya fi ba ni sha'awa. Kafin shekarun 1970 abar bayan gida ce, a gasa ta da damina a kashe yunwa kafin gero ya nuna. A 1975 gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe shirye-shiryen raya noma guda 3, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya haɗa gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, ya gudana har 1980. Aka gina wuraren sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka, aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, aka watsa malaman gona. Shawarwarin da aka kawo kan auduga da dawa, musamman cewa a daina haɗa shuka iri-iri a gona ɗaya, ba su samu karɓuwa sosai ba, domin manomi ya san dalilinsa na haɗa dawa da wake. Abin da aka runguma hannu biyu shi ne farar masarar TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, tare da takin da gwamnati ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa. Cikin 'yan shekaru masara ta fita daga bayan gida ta mamaye gonaki, tuwonta ya shiga kowane gida.

Shirin ya naɗe tabarmarsa, masara ba ta bi shi ba. Dalili shi ne ta tarar da masu ɗaukarta a ƙasa. Ba ta bukatar gidan gurza ko mai saye guda ɗaya. In farashi ya faɗi a ci ta a gida, in ya tashi ga kasuwa. Kasuwar kuwa tsohuwar cibiya ce mai dokokinta. Baƙo ya zo daga Ibadan ko Anacha da kuɗin mota guda, bai san kowa ba sai fatomansa. Fatoma ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya soka buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi, ya tauna ɗaya ya ji ko ta bushe, ya ce masa, Alhaji je ka huta, kayanka na wuyana. Ma'auna su cika, 'yan dako su loda, 'yan kamasho su samo mota, kowa ya karɓi la'adarsa. Idan aka samu buhu da ƙasa a gindinsa, dillali ne zai biya, kuma ya san gidan da buhun ya fito. In rigima ta fi ƙarfinsu akwai sarkin kasuwa. Miliyoyin naira na sauya hannu ta haka ba takarda ko ɗaya.

Wani masani, Paul Clough, ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 yana nazarin wannan, littafinsa ya fito a 2014. Abin da ya nuna shi ne manoman da suka yi arziki a lokacin kusan duk 'yan kasuwa ne kuma, jarinsu na zuwa ta hanyar amana daga iyayen gida na birni, su kuma nauyin iyali da barori da mabukata na kansu, ba su da damar tara dukiya su juya wa gari baya. A nan ne bashin falle yake, inda mutum ke karɓar kuɗi da damina ya biya da hatsi da kaka. Falle na da ɗaci, domin sau da yawa buhun da aka biya da shi ya ninka abin da aka karɓa, kuma malamai sun daɗe suna magana a kansa. Amma yana zuwa ranar da ake bukatarsa, daga hannun wanda ya san gonarka. Duk bankin da ke son ya kore shi sai ya iya wannan.

Shirin Funtuwa ya bar tabo ma. Masu nazari da yawa sun soki yadda ya fifita manyan manoma, wato 'yan kasuwa da ma'aikata da masu sarauta, waɗanda suka fi samun taki da tarakta, suka kuma shiga sayen gonaki. Taki ya zama kayan siyasa tun daga lokacin. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aikin ya koma hannun hukumar KTARDA, kuɗin Bankin Duniya ya janye, malaman gona suka yi ƙaranci. Yau idan tsutsa ta faɗa wa masara, mafi yawan manoma mai shagon magani suke tambaya, shi kuwa ribarsa na cikin yawan kwalaben da ya sayar.

Ƙirƙira ba ta tsaya ba duk da haka, sai dai ta koma inda ba a rubuta ta. Masu walda a Funtuwa na ƙera injin casar masara da ƙarfen da suka tsinto, yaran da suka koya a hannunsu su buɗe nasu a ƙauyuka. A bakin madatsar ruwan Mairuwa, wadda Funtuwa ke sha daga gare ta, masu lambu na jan ruwa da ƙananan injuna, akwai kuma makanikan da suka san ciwon kowane inji. Mata a cikin gida sun mayar da waken suya awara, suna juya kuɗin ta adashi, su sayi tunkiya su turke. Duk wannan na tafiya ne bisa sanayya, kuma iyakarsa ke nan: adashi na iya sayen tunkiya, ba ya iya kawo wutar lantarki ko bashin shekara 5 da mai walda zai mayar da rumfarsa masana'anta. Wannan gurbin na hukuma ne, kuma a nan ne aka fi barin mutane su kaɗai.

Sai maganar da ta danne komai. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunan yankin ta mummunar hanya. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a Satumba kuma aka katse layukan waya. Ko mutum ya yarda matakin ya zama dole ko bai yarda ba, watannin nan sun nuna matsayin kasuwa a rayuwar mutane. Magidancin da ajiyarsa rago ne ya rasa inda zai sayar ya kai matarsa asibiti. Dillalin da sana'arsa ke kan waya ya zauna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙauyukan da 'yan bindiga ke sa wa kuɗi kafin a yi shuka ko kafin a kwashe amfani. Wanda ke yanka haraji, yana ba da izinin noma, yana yanke hukunci, ya riga ya hau kujerar hukuma.

Dalilan wannan bala'i na da yawa: satar shanu, makamai daga Sahel, zinariyar Zamfara, talauci. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bunƙasar masara da taki ta sa kowane fili ya yi daraja, aka nome burtali, lambu ya cinye fadamun da shanu ke sha da rani, dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta zama takarda kawai a wurare da yawa. A da, in shanu sun shiga gona, mai gari da arɗo da dattawa ke zuwa su ga ɓarna da idonsu, su ƙiyasta, a biya, a koma ana gaisawa. Da aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, aka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ikon ya bar zaure ya koma ofisoshin da manomi da makiyayi duk ke kukan ana tatsar su. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta, kuma ya yi daidai, domin an wulaƙanta talaka a kansa. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta koma rayuwa da kason da ke zuwa daga sama ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Wanda albashinsa bai dogara da cikar kasuwar Sheme ba, ba zai rasa barci don ta watse ba. Ba ina kiran a dawo da En'e ba ne. Ina cewa an cire mata haƙora, wanda ya dace, amma ba a ɗora wa kowa nauyin da take ɗauka ba.

Da wannan ma'aunin nake kallon abubuwan da aka yi a 'yan shekarun nan. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina ƙarƙashin shirinsa na ba manoma bashi. Niyyar mai kyau ce, amma an bi ta ƙungiyoyin da yawancinsu ba su da tarihin lamuncewar juna, kaya na zuwa a makare, wasu suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na gwamnati, biya ya yi wuya. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma daga 'ya'yan yankunan, waɗanda suka san daji da mutanensa. Amfaninta zai dogara ne da ko akwai mai tsawata mata idan ta wuce gona da iri, domin ramuwar gayya kan wanda bai ji ba bai gani ba na cikin abin da ya hura wutar tun farko. A Mayu 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa. Na yi farin ciki da ita, amma kwantena ba ta gyara kaya: mai saye a ƙetare na son auduga ko waken suya mai daraja ɗaya daga buhun farko har na ƙarshe, wannan kuwa a ƙauye ake yinsa.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shi ne ya fi kusa da tushen maganar, in har aka aiwatar da shi da gaske. Ko an aiwatar ma, kuɗi na iya ƙarewa a sayen motoci da rabon buhunan azumi. Abin da ya kamata mutanen Mairuwa da Daudawa da Sabuwa su nema a kasafin ƙaramar hukumarsu ƙananan abubuwa ne: sikelin da aka tantance a kasuwa da mai kula da shi, malamin gona da ke kwana a gundumar, kwalbatin da zai sa mota ta shiga ƙauye a watan Agusta, da zaman shata burtali da ya haɗa hakimi da arɗo da ƙungiyar manoma, a rubuta abin da aka amince, a kafa alama kafin ruwa ya sauka.

Iri kuma ya fi duk waɗannan bukatar haƙuri. Samaru na nan, tana cikin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, kuma tana fitar da sababbin irin auduga da masara. Abin da ya ɓace shi ne matakin tsakiya da Daudawa ke riƙewa. Kafin ɗan irin da ya fito daga hannun mai bincike ya ishi gunduma guda, sai an yi damina da yawa ana ninka shi a gonakin da aka keɓe, ana cire baƙin tsiro da hannu, gidan gurza ya yarda ya tsayar da inji ya share kafin ya gurje shi shi kaɗai, manoman da suka noma kuma a biya su sama da farashin kasuwa domin kada su sayar wa ɗan baranda. Aikin ya fi wa'adin shugaban ƙaramar hukuma tsawo, don haka sai ƙungiyar manoma da masu gidajen gurza na Funtuwa sun sa hannu da kuɗinsu a ciki, su da Samaru, da yarjejeniyar da ba za ta mutu da sauyin gwamnati ba.